Sunan Nibaldo a Ƙarƙashin Tutarsu

San Baldomero, watan Mayu

Millaray 'yata,

Ina gaishe ki, da fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da aikin asibitin da ya hana ki zuwa gida bana. Mu nan mun gode Allah. Ruwa ya sauka da wuri, gwiwata ta hagu ta riga gidan rediyo sanar da shi. Matata, Tía Herminda, hawan jininta ya sauka tun da likita ya raba ta da gishiri, sai dai yanzu romon da take dafawa ba shi da maraba da ruwan wanke kwano, kuma ba mai bakin faɗa. Motoci suna kan hanya, har an ƙara mana layin birnin Talca.

Kin san ni da waya. Kunnena ɗaya injin mota ya cinye shi tun ina yaron mota, ɗayan kuma ba na ɗora masa magana mai nauyi. Abin da ke da nauyi a takarda nake sa shi, in sa hannu a ƙasa.

Ran Litinin ina ofishin tasha sai ga direbana Segundo, wanda kika sani da Mai Tumbi, ya shigo riƙe da wayarsa kamar ya ɗauko kunama. Ya ce, "Don Lolo," kin san haka suke kirana a tasha, "ka ga 'yan Garkuwa sun shiga littafi?" Na ce wane littafi kuma? Ya ce wannan babban kundin na intanet da yara ke kwafar aikin makaranta daga ciki. Na sa tabarau na duba.

Millaray, tutarsu na fara gani. Baƙar nan mai farin takobi, an ɗora ta a sama tsaf, kamar hoton amarya. A ƙarƙashinta, Jam'iyyar Garkuwar Ƙasa, shekarar da aka kafa ta, sunayen shugabanninta, abin da wai suka yi imani da shi. Kai ka ce wata tsohuwar makaranta ce mai daraja. Na ci gaba da ja, can ƙasa sai ga sunan yayana Nibaldo, mahaifinki. Mutanen da suka fitar da shi daga taron ma'aikatan injin katako a ƙarshen mulkin soja, gari ya waye muka tsinci gawarsa a ƙarƙashin gada, ke kina jaririya a hannu, yau su ne masu gida a littafi, shi kuma ɗan haya a ɗakin baya.

Ni karatuna bai wuce sakandare ba, ita ma da kyar. Amma daga share mota na kai inda nake, ba wanda ya ɗaga ni, kuma na san abin da littafi yake nufi. Wanda aka sa a littafi an ba shi kujera. Littafi na likitoci ne, da waɗanda suka gina gadoji, da waɗanda suka koyar da yara. Waɗannan ba jam'iyya ba ce, 'ya'yan masu gonaki ne da 'yan barandarsu, da duka-duka ba su cika mota biyu ba. Abin da ya dace da su shi ne su ruɓe ba suna. Wani yaro marar aikin yi zai buɗe shafin nan, ba zai karanta har ƙasa ba, tutar zai gani ta burge shi. Haka aka samu na farkon ma.

Tía ta ce kina cikin masu rubuta kundin nan a lokacin hutunki, kuma kyauta. Ban gane aikin kyauta ba, amma yau ya yi rana. Ki nemi manajan wurin, ki gaya masa Eleodoro Quilodrán ya ce a sauke shafin nan. In takarda yake so daga dangi, in rubuto masa da hatimin kamfani.

Ki ci abinci. A hoton da kika aiko wuyanki ya yi tsawo.

Ƙanin mahaifinki,
Eleodoro

Montreal, watan Yuni

Tío Lolo,

Takardarka ta iso, na karanta ta a tsaye ban ko cire takalmi ba. Lafiyata ƙalau. Nan zafi ya fara, mutanen garin sun fito rana kamar ƙadangaru. Ka gaya wa Tía ta matsa lemon tsami a romon, yana rufe rashin gishiri. Gwiwar nan kuma ka kai ta a duba, ka daina yi mata kirari.

Tío, baffana, babu manaja. Mutane ne barkatai a duniya, kowa a ɗakinsa, suna rubutu suna gyara wa juna. Kuma gara ka ji daga bakina: ni na rubuta shafin. Kusan dukansa. Tutar ma ni na sa.

Ka zauna tukuna, ka ji ni. Ina aji huɗu wata yarinya ta ce min babana mayen giya ya yi ya faɗo daga gada. Na zo gida ina kuka, ka ce min ƙarya ne, ka sayo min alewa, ba ka ƙara komai ba. Ban taɓa riƙe ka da wannan ba, na san abin da ya sa. Amma har yau rabin San Baldomero labarin mayen suka sani. Na daɗe ina bin takardu kafin na samu abin da za a yarda da shi: rahoton da limamin cocinmu ya aika wa babbansu, bishop, a lokacin, da shari'ar da aka buɗe aka rufe ba hukunci. A kundin nan ba a rubuta abin da mutum ya ji a zuciyarsa, sai abin da aka buga a wani wuri wanda kowa zai iya zuwa ya duba. Da waɗannan biyun na gina sakin layi guda. A duk Chile, nan ne kaɗai wurin da sunan babana da sunan waɗanda suka ɗauke shi suke zaune a jimla ɗaya, inda ɗan makaranta zai iya gani.

Ka ce an ba su kujera. Ni kuwa a ganina kujerar mai laifi ce a kotu. Kundin yana da shafin kwalara, ba don yana ƙaunar kwalara ba. In aka goge su ba ruɓewa za su yi ba, wanka za su yi. Ka san Fanor Irribarra yana neman kujerar magajin gari bana. Sunansa yana cikin sakin layin, domin rahoton limamin ya ce shi ne shugaban matasansu a garinmu, kuma motar gonarsu aka gani a ƙofar taron.

Ba kai kaɗai ke son a sauke shi ba. Wani ya riga ya kai ƙorafi, ya ce irin waɗannan jam'iyyu bai kamata a ba su wuri ba, talla ake yi musu. An buɗe muhawara, kowa yana iya sa baki, ƙarshen wata za a rufe a yanke. Wasu masu cewa a goge mutanen kirki ne masu tunani irin naka, wasu kuwa ina zargin daga gonar Irribarra suke rubutu. Ka bar min wannan, na san hanyarsa.

Abu ɗaya: a can ba da sunanmu nake rubutu ba, da sunan wani tsuntsu nake yi. Ba wanda ya san 'yar Quilodrán ce, kuma haka nake so ya zauna.

Ina kewar shayin yamma a kicin ɗinku, da kai kana faɗa da jarida.

'Yarka,
Millaray

San Baldomero, watan Yuni

Millaray,

Muna lafiya. Tía ta sa lemon tsamin, yanzu romon ya zama ruwan wanke kwano mai tsami. Gwiwa tana nan.

Na karanta takardarki sau da yawa. Cewa ke kika ɗinka musu tuta da hannunki, wannan na haɗiye shi, ko da yake ya tsaya min a wuya. Abin da ya ƙi wucewa shi ne layin ƙarshe. Ba kya son a san ke 'yar Quilodrán ce. Sunan nan an rubuta shi da jan fenti a jikin kowace mota tawa, daga nan har Talca. Lokacin da mutane ke tsallaka titi don kada a gan su suna gaisawa da ƙanin Nibaldo, ban canza shi ba, ban rage masa harafi ba. Mahaifiyarki da za ta rasu ta damƙa min ke, da sunan na kai ki makaranta. Yau kin je ƙasar ƙanƙara kin zama tsuntsu.

Zancen kwalara kuma, kwalara ba ta da jikoki masu neman tuta. Kin yi karatu kin fi ni, amma ni na ga yadda yaro ke kallon riga mai ɗamara.

Kin ce a bar miki. Da na bari, amma kin ce kowa yana iya sa baki kuma ƙarshen wata za a yanke. To wannan zaɓe ne, zaɓe kuwa sana'ata ce. Tun kina firamare nake kwaso mutane daga ƙauyuka zuwa rumfar zaɓe, na wannan ɗan takara da na wancan, duk wanda ya ɗauki hayar mota. Ba mai dogon bayani ke ci ba, wanda ya cika mota ke ci.

Ran Asabar na sa aka hura gawayi a bayan gareji, aka ɗora nama da tsiran alade. Na tura ƙaramar mota ta kwaso direbobin da ke hutu, da makanikai, da matan da ke soya fanke a bakin tasha. Gladys sakatariyata ta zauna gaban na'urar ofis, duk wanda ya zo ta buɗe masa suna ya rubuta nasa, ya fita ya karɓi nama. Layi har bakin famfo.

Da aka zo kan Sanƙo makaniki, ya tsaya yana goge hannu a wando. Ya ce, "Don Lolo, me zan ce musu?"

Na ce, "Ka ce a goge."

"Shi ke nan? Ba gaisuwa?"

Mai Tumbi daga baya ya ce, "Kai da sunanka ma sai ka huta a tsakiya, wace gaisuwa za ka iya? Rubuta ka matsa, nama yana ƙonewa."

Sanƙo ya ce, "Naman da ka riga ka ajiye rabinsa a ma'ajiya? Don Lolo, a auna shi kafin ya fita."

Doña Eduvina mai fanke ba ta yi dariya ba. Ta ce ita ta san Nibaldo, ya taɓa gyara mata rufin rumfa. Ta sa Gladys ta rubuta mata, a goge, Allah ya isa. Ta ƙi karɓar naman.

Ni na rufe. Ban ɓuya a bayan tsuntsu ko kifi ba. Na ce ni ne Eleodoro Quilodrán, mai motocin Quilodrán na San Baldomero, ƙanin Nibaldo da aka ambata a shafin nan. Na ce wadda ta rubuta shi 'yarsa ce ta cikinsa, Millaray Quilodrán, ma'aikaciyar jinya a Kanada, yarinya mai ilimi da ni na raina, ta yi da kyakkyawar niyya amma ba ta shawarci manya ba. Na ce dangi ba su yarda sunan mamacinsu ya kwana a ƙarƙashin tutar nan ba. Gladys ta ce ko in bari a tambaye ki tukuna. Na ce tun yaushe ake neman izinin yaro kafin a faɗi sunan ubansa?

Za ki ji haushi, na sani. Zai wuce. Wata rana za ki gode min da na fito da ke fili, domin abin da kika yi wa mahaifinki, ko da ban yarda da shi ba, ba abin ɓoyewa ba ne.

Eleodoro

Montreal, watan Yuli

Tío,

Ina lafiya. Ina fatan kuna lafiya.

Na ga abin tun ranar Asabar ɗin, kafin takardarka ta taso. Na kira gida, Tía ta ce ka ce in magana ce mai nauyi in rubuto. To ga ta.

Ba zaɓe ba ne. Ba a ƙirga kawuna, hujja ake aunawa. Da aka ga sababbin sunaye sun zubo a yini ɗaya daga na'ura ɗaya da kalma ɗaya, sai aka soke su duka, har da na Doña Eduvina. An rufe muhawarar, an yanke cewa shafin zai zauna, domin jam'iyyar ta wanzu kuma an yi rubutu a kanta. Da ba ka yi komai ba ma haka za a yanke.

Amma akwai wata ƙa'ida. Mutum ba ya rubutu a kan danginsa, ko a kan wanda yake da ƙulli da shi. Ƙa'ida ce mai kyau, ita ke hana irin su Irribarra wanke kansu da hannunsu. Na san na taka ta. Na taka ta ne don na jira wani ya rubuta, ba wanda ya rubuta. Abin da ya sa na zama tsuntsu ke nan, Tío. Ba kunya ba ce. A asibiti sunan yana rataye a ƙirjina kullum, Turawa suna karya harshe a kansa, ina gyara musu.

Kwana kaɗan bayan ka faɗi sunana, lauyan Fanor ya rubuto. Bai ce ƙarya ba ne. Cewa ya yi 'yar mamacin ce ta rubuta zargi a kan mutum mai rai, ga shaidar ƙanin mamacin da bakinsa. Aka cire sakin layin gaba ɗaya, har sai wani wanda ba ruwansa da mu ya sake duba takardun ya rubuta da kansa. Ni kuma an hana ni taɓa shafin har abada. Ban yi musu ba.

Ka buɗe ka gani. Tutar tana nan. Shekarar kafawa tana nan. Inda babana yake, yanzu layi ɗaya ne: an zargi wasu 'yan jam'iyyar da tashin hankali a yankunan karkara.

Ka samu rabin abin da ka nema. Ba ya kwana a ƙarƙashin tutarsu kuma.

Kada ka tara kowa. Kada ka rubuta musu. Don Allah kada ka gyara komai.

Millaray

San Baldomero, watan Agusta

Millaray 'yata,

Ina gaishe ki. Sanyi ya yi tsanani, Tía ta yi mura ta warke. Ni lafiyata lau, abinci ne dai ba ya shiga sosai.

Na kira ki a waya har sau biyu, ni da kaina, na manna ta a kunnen mai kyau. Wata Baturiya ce ke amsawa daga cikin na'ura. Na san kina aiki.

Da kin gaya min dalilin tsuntsun tun farko, da ban yi ba. Layi ɗaya ya isa. Ba ina ɗora miki ba ne, ina faɗa ne kawai. Ni duk inda na taɓa shiga a rayuwata, wanda ya faɗi sunansa shi ake saurara, wanda ya ɓoye shi ake zargi. Ban san akwai gidan da abin yake a juye ba.

Kin ce kada in gyara komai. Na ji, amma sai da na riga na je Talca wurin jarida. Na ce musu ni na ɗauko gawar yayana da hannuna, na ga abin da aka yi masa, a rubuta da sunana. Editan ya ba ni kofi, ya ce labari ne mai muhimmanci, a bari zaɓe ya wuce kada a ce sun ɗauki ɓangare. Na ce to in sayi shafi guda in buga da kaina. Ya ce ana iya yi, amma a samansa za a rubuta talla. Na ɗauki hulata.

Akwai abin da ban so in gaya miki ba, Tía ta ce in ban faɗa ba ita za ta faɗa. Makon jiya Fanor Irribarra ya zo tasha yaƙin neman zaɓe, da 'yan rakiyarsa da mai ɗaukar hoto. Ina ƙarƙashin mota ta tara ni da Sanƙo muna duba burki, sai na ga takalma masu sheƙi sun tsaya. Na fito. Ya tsufa, Millaray, ya yi furfura mai kyau irin ta kakan kirki. Ya buɗe hannuwa ya ce, "Quilodrán! Mutumin da nake nema ke nan. An gaya min ka tashi tsaye don a bar tsohon zance ya kwanta. Garin nan yana buƙatar irinka, masu kallon gaba." Ya miƙo min hannu a gaban direbobina.

Shekara da shekaru ina shirya abin da zan gaya wa mutumin nan in mun haɗu ido da ido. Ina tuƙi ina shiryawa, ina aski ina shiryawa. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Hannuna da baƙin mai." Ya yi dariya ya dafa kafaɗata, mai hoto ya ɗauka, suka wuce wurin masu fanke.

Can Mai Tumbi ya ce, "Don Lolo, ai da ka ba shi hannun. Farar riga ce fa." Ba wanda ya yi dariya, shi ma bai yi ba. Doña Eduvina aka ce ta juya masa baya ta ci gaba da suya. Ta fi ni.

Kin ce sai wani wanda ba ruwansa da mu ya rubuta. Akwai malamin tarihi a sakandare, ba ɗan garin nan ba ne, yana hawa motata kullum. In na yi masa magana fa? Ba zan yi ba sai kin ce. Kin ga na koyi tambaya.

Ki rubuto ko layi biyu ne. Ko zagi ne, Tía za ta karanta min da murya mai daɗi.

Eleodoro

Montreal, watan Oktoba

Tío Lolo,

Ina lafiya. Ganye ya yi ja, an fara sa riguna masu nauyi. Tía ta ce ka rame, wandunanka sai da sabon rami a bel. Ka ci abinci, ko ba gishiri.

Na daɗe ban rubuto ba don duk abin da na fara sai ya fito da kaifi, ni kuma ba na son in yanke ka. Na ji an yi zaɓe, na ji wanda ya ci. Ba sai mun yi zancen ba.

Kada ka yi wa malamin magana. In mu muka roƙe shi, ya zama namu, za a sake cirewa. Sai dai wani, wata rana, ya ci karo da rahoton limamin don kansa. Yana iya faruwa badi, yana iya faruwa bayan ba mu. Na daina buɗe shafin.

Sakin layin nan shi ne kaɗai abin da na taɓa yi wa babana da hannuna. Ban wanke masa riga ba, ban kai masa shayi ba. Da aka cire shi na zauna na karanta kwafin da na ajiye, sai na ga duk yadda ya mutu ne. Ban san komai game da yadda ya rayu ba. Hoto ɗaya gare ni, shi ma ya rufe baki kamar an tilasta shi.

Kai ka san shi. Ka rubuto min shi. Ba gadar ba, na san gadar. Me yake ci, me ke ba shi haushi, yaya muryarsa, yaya yake dariya. Ba mai neman hujja a wurina.

'Yarka,
Millaray Quilodrán

San Baldomero, watan Nuwamba

'Yata,

Takardarki ta zo, Tía ta karanta, ni ma na karanta, sannan ta sake karanta min. Muna lafiya. Rana ta fito, itacen lemon bayan gida ya yi fure. Ranar ziyarar matattu mun je mun wanke kabarinsa da na mahaifiyarki, mun sa furanni, na ce musu kina gaisuwa.

Na ɗauka abin da kika roƙa mai sauƙi ne. Na ce wa Gladys kada a shigo min, na rufe ofis, na ajiye takardu da yawa don na zaci za su cika.

Ga abin da na samu. Bahago ne. In an kawo burodi ɓawon yake ci ya bar min tsakiyar, na daɗe ina zaton kirki ne, ashe tsakiyar ce ba ya so. Shi ya kai ni tasha a kan kekensa ranar da na fara aikin yaron mota, ya ce wa direban, "Ga shi nan, ba ya jin magana amma ba ya sata." Ba ya iya wucewa ya ga ƙusa ta fito bai buga ta ba, ko a gidan mutane ne. Yana jin haushin mai yin fito da baki da safe. Mun yi faɗa da yawa a kan taron ma'aikatan nan, ni ina ce masa ya sunkuyar da kai har iska ta wuce, shi yana kirana ɗan kasuwa, kamar zagi ne. Ranar da aka haife ki ya zo tasha a guje ba hula, ya hau motata ya sanar wa fasinjoji, wata tsohuwa ta ba shi ƙwai biyu.

Daga nan sai alƙalamin ya tsaya. Na zauna ina jira sauran su zo, ba su zo ba. Shafi ɗaya bai cika ba, Millaray. Mutumin da muka kwana a gado ɗaya har na yi gemu.

Muryarsa na nema na rasa. Ina jin kalmomin, amma da muryata suke zuwa. Na daɗe ba na kiran sunansa a gida, don kada ki yi tambaya, don kada in amsa, ina ganin ajiye shi nake yi a wuri mai kyau inda ba mai taɓawa. Ban san abin da aka ajiye ba a dubawa yana narkewa ba.

Dariyar kuma, na tambayi Tía a wurin shayin yamma. Ta ce, "Hannu yake sawa ya rufe baki, saboda haƙorinsa da ya karye."

Na ce, "Ina! Kai yake jefawa baya, har ka ga maƙogwaronsa."

Ta ce, "Tsoho, wannan kai ne."

Na ce, "Yayana ne ko yayanki?"

Ta ce, "Ni na zauna ina kallonsa, kai kana ta surutu."

Muka yi ta yi har shayin ya huce. Na tashi zan ce bari mu tambayi wane, sai na tsaya da hannu a kan kujera. Mahaifiyarmu ta tafi, mahaifiyarki ta tafi, limamin ya tafi, abokan aikinsa na injin katako waɗanda ba su mutu ba sun watse. Na je wurin Doña Eduvina, ta ce ita rufin rumfa ya gyara mata, bai yi dariya ba ranar. Ba sauran wanda za a tambaya.

Don haka na rubuto miki duka biyun, nata da nawa, ban san wanne ne gaskiya ba. Kowa ya ce kamanninsa kika ɗauko tun daga goshi har haɓa. In wani abu ya ba ki dariya a can, irin ta gaske wadda ba a shirya ba, ki lura da abin da hannunki ya yi. Sai ki rubuto ki gaya mana.

Ƙanin mahaifinki,
Eleodoro Quilodrán